NFL Game Pass: kuɗina sun fita tun shekarar da Brady ya koma Tampa

Abokaina sun dame ni da tambaya wai me nake kallo ne haka a kwamfuta cikin dare, ƙarti sanye da hular kwano suna ta karo da juna, kuma wai har kuɗi nake biya a kai. To yau dai bari in zauna in faɗi ra'ayina a kan wannan abu da ake kira NFL Game Pass, wato manhajar da ake biya a kalli ƙwallon Amurka daga wajen Amurka, wanda zai saya ya saya da saninsa, wanda kuma ba nasa ba ne kada ya ɓata kuɗinsa.

Ni na shigo harkar nan ne a 2020 lokacin kullen korona. Kun dai tuna yadda abun ya kasance, an tsayar da Firimiya da Laliga tun watan Maris, gidajen kallo a rufe, mutum yana zaune a gida ba fita ba shiga. A lokacin ne NFL, hukumar babbar gasar ƙwallon Amurka, ta buɗe manhajar kyauta na wasu watanni saboda mutane su samu abun kallo, ƙanina ne ma ya fara gani ya ce Yaya zo ka ga wani abu. Muka fara kallon tsofaffin wasanni ba mu san komai ba, sai a hankali muka gane cewa mutum 11 ne kowane ɓangare, ana ba masu kai hari dama 4 su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu, in sun kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 kenan, shi ake ce wa tocdawun. Da kaka ta zo farawa a watan Satumba kyautar ta riga ta ƙare, na sa hannu a aljihu na biya, kuma dalilin biyan mutum ɗaya ne, Tom Brady.

Ga wanda bai sani ba, a wannan wasan akwai mutum ɗaya da ake kira kwatabak, shi ne madugu, shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke jefawa, shi ke karɓar umarnin koci ta rediyon da ke cikin hularsa ya isar wa sauran. Brady ya yi kaka 20 yana wannan aiki a New England Patriots ƙarƙashin koci guda, Bill Belichick, ya ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, sau 6 a can. Sai kawai a watan Maris na 2020 ya tattara ya koma Tampa Bay Buccaneers a jihar Florida, kwantiragin shekara 2 kan dala miliyan 50, kuma kafin a fara kaka ya cika shekara 43. Tambayar da kowa ke yi a lokacin ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to ta yaya mutum mai wannan shekarun zai zauna ya koyi sabon tsari daga baƙi kamar ɗan makaranta?

Kuma ba wai sabon tsari kawai ba, tsari ne da ya yi hannun riga da wanda ya saba. A New England suna amfani da tsarin da ake kira Erhardt-Perkins, sunayen kociyoyi biyu da suka kafa shi tun shekarun 1970, inda kalma ɗaya ko biyu ke ɗauke da hanyoyin da masu cafe ƙwallo za su bi gaba ɗaya, kuma Brady ya yi suna ne da jifa gajere-gajere cikin sauri, ƙwallo ta bar hannunsa kafin abokan hamayya su iso shi, a ci yadi 6 a ci yadi 8 har a gajiyar da ku. Shi kuwa kocin Tampa na lokacin, Bruce Arians, dattijo mai hular nan tasa da jan fuska, takensa da kowa ya sani shi ne in ba ka yi kasada ba ba ka cin biskit. Shi a jefa ta can nesa, a riƙe ƙwallo a jira mai gudu ya kai inda za shi ko da za a sha duka. Wanda ya riƙe wurin kafin Brady, wato Jameis Winston, a 2019 ya jefa yadi 5,109 da tocdawun 33, amma kuma sau 30 abokan hamayya suna cafe masa ƙwallo a sama. Kaga irin gidan da Brady ya shiga kenan, mutumin da duk rayuwarsa ba abun da ya tsana kamar ya ba abokin gaba ƙwallo.

Ga korona kuma ta hana atisayen bazara, an soke wasannin share fage gaba ɗaya. Sai shi da kansa ya riƙa tara abokan wasansa a filin wata makarantar sakandare a Tampa suna jefe-jefe da sassafe. Har akwai ranar da ya je karɓar takardun tsarin wasa a gidan Byron Leftwich, wanda shi ne mai kiran wasa a ɓangaren hari, ya yi kuskure ya shige gidan maƙwabci da jakunkunansa, labarin ya zaga ko'ina. Baƙo ko da ido makaho ne. Leftwich ɗin nan ma fa Brady ya girme shi, yanzu kuma shi ne malaminsa.

Yanzu bari in dawo kan manhajar, don a nan ne nake so a fahimce ni. Abubuwa ne da dama a ciki, akwai wasa kai tsaye, akwai maimaici cikakke, akwai wanda aka taƙaita wasan awa 3 ya dawo kamar minti 40 an yanke duk tsaye-tsaye da talla, akwai tashar RedZone ta ranar Lahadi da ke tsalle daga fili zuwa fili duk inda ake dab da ci. Duk suna da kyau. Amma abun da ya sa na ce kuɗina sun fita shi ne faifan kociyoyi, wanda suke kira All-22. Kyamara ce daga can saman fili da ke nuna duka 'yan wasa 22 a lokaci guda, sannan a sake nuna maka wannan harin daga bayan fili. Babu mai sharhi, babu ihu, babu kiɗa, shiru kawai da mutane suna motsi kamar dara. Ba ya fitowa nan take, sai bayan wasa da kwana ɗaya ko biyu. Talabijin ƙwallo take bi, da zarar an fara sai masu gudu su fice daga hoto, ba ka ganin abun da kwatabak ke gani, sai dai kawai ka ga ƙwallo ta tashi ta sauka a hannun wani ka ce kai wannan tsohon ya ƙare. A faifan kociyoyi ne kake ganin dalili.

Misali na farko shi ne wasan buɗe kaka a New Orleans, 13 ga Satumba, wajen tara da rabi na dare agogonmu. Tampa ta sha kashi 34 da 23, an cafe wa Brady ƙwallo sau 2, ta biyun ma Janoris Jenkins ya ruga da ita har gida ya ci maki. Bayan wasa Arians bai ɓoye ba, a gaban 'yan jarida ya ɗora laifin duka biyun a kan Brady, abun da mutane suka yi ta mamaki don ba a saba jin koci ya yi masa haka a fili ba. Ni ma a daren na yarda laifinsa ne. Da faifan ya fito muka zauna da ƙanina a zaure, kwamfuta a kan tabarma, muka yi ta maimaita cafewar farko wajen sau goma. Brady ya jefa ƙwallo tsakiyar fili can gaba inda yake zaton mai cafewarsa Mike Evans zai ci gaba da gudu, shi kuwa Evans ya ja birki ya tsaya. Ƙanina ya sa yatsa a kan allo ya ce Yaya duba, tun kafin Evans ya tsaya ƙwallo ta bar hannunsa, ai ba jifa ce ta ɓaci ba, karatu ne ya bambanta. Kuma haka ne, a irin wannan tsarin mai cafewa yana duba yadda masu tsaron baya suka tsaya ne ya zaɓi hanya yana cikin gudu, shi ma kwatabak yana dubawa, dole idonsu ya ga abu ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya. Shi kansa Arians da ya kalli faifai washegari ya gyara maganarsa ya ce ta farkon Evans ne ya kamata ya wuce. To in koci da ke bakin fili sai da ya koma faifai kafin ya gane, ina ga ni da ke Kano ina kallon talabijin? Gani ya kori ji.

Daga nan na mayar da shi al'ada, Lahadi in kalli wasa, tsakiyar mako in kalli faifai. Kuma wlh kakar nan ta ba ni wahala don na riga na sa Tampa a rai. Wani mako su yi kyau kamar ba gobe, kamar ranar da suka lallasa Green Bay 38 da 10, wani mako kuma ka rasa gane kansu. A Chicago sun faɗi 20 da 19, a ƙarshen wasan aka ga Brady ya ɗaga yatsu huɗu kamar yana zaton saura dama ɗaya alhali ta ƙare, mutane suka yi ta yi masa dariya a Twitter wai tsufa. Ni ban ga abun dariya ba, abun da na gani mutum ne da kansa ya cika da lissafin da a da ba ya buƙatar yi. Ka yi tunani, daƙiƙa 40 ake ba ka tsakanin hari da hari, rediyon hula yana yankewa in saura daƙiƙa 15, a cikin wannan ɗan lokacin za ka ji kira da sababbin kalmomi, ka maimaita wa mutum goma, ka tsaya ka karanta masu tsaro, ka gyara wa ƙartin gabanka wanda kowa zai tare. Shekara 20 yana yi da harshe guda har ya zama ba ya tunani, yanzu sai ya fassara a kansa tukuna. Duk wanda ya taɓa barin Hausa ya koma garin da sai da wani yare ake ciniki ya san wannan 'yar tsayawar da harshe ke yi kafin magana ta fito, kuma a wasan nan rabin daƙiƙa ita ce komai.

Mafi muni shi ne 8 ga Nuwamba, New Orleans suka zo har gida Tampa. Wasan dare ne a can, a nan kuwa ƙarfe biyu da minti ashirin na dare aka fara, na kwanta da wuri na sa ƙararrawa na tashi na haɗa shayi na zauna. 38 da 3. An cafe masa sau 3, kuma duk wasan sau 5 kacal Tampa suka gudu da ƙwallo a ƙasa, mafi ƙaranci a tarihin gasar. Na kashe kwamfuta ana dab da kiran assalatu raina a ɓace. Da na kalli faifan daga baya abun ya fi ba ni tausayi fiye da haushi, don daga sama kana gani ƙarara, masu cafewa duk sun tafi can nesa, babu kowa a kusa da zai sauke wa ƙwallo in wuta ta taso, masu tsaron New Orleans sun san jifa za a yi don haka ko kallon mai gudu ba sa yi, sai su taho masa kai tsaye. Mutum mai shekara 43 da ba gudu ne ƙarfinsa ba, an ce ya tsaya ya riƙe ƙwallo ya jira. Bayan nan suka sake faɗuwa a hannun Rams 27 da 24, sannan Kansas City ma 27 da 24, ranar da Tyreek Hill ya yi musu yadi sama da 200 a zangon farko kaɗai. Suka tafi hutun mako da nasara 7 faɗuwa 5, ana ta cewa auren nan ba zai yi ƙarko ba.

To abun da ya faru bayan hutun nan shi ne ainihin abun da nake so mai sayen manhajar nan ya je ya gani da idonsa. Mutane suna son su ce ko dai Brady ya sallama ya bi Arians, ko kuma Arians ya sauka ya miƙa wa Brady ragama. Ni abun da na gani a faifai ba ko ɗaya ba ne, kowa ya matso ne. Sai ka fara ganin kafin a fara hari wani ɗan wasa ya taso daga gefe guda ya koma ɗaya gefen, wannan ba ado ba ne, in mai tsaro ya bi shi to mutum-da-mutum suke tsaro, in ba wanda ya bi shi to yanki suke tsarewa, kaga an ba Brady amsa tun kafin jarabawa, kuma abu ne da ya saba da shi a New England. Sai kuma yaudarar miƙa ƙwallo ta ƙaru, ya yi kamar zai ba mai gudu, masu tsaron tsakiya su matso taki ɗaya ko biyu, sai ya zare ya jefa ta bayansu. A talabijin wannan takun ba ka ganinsa, daga sama kuwa kamar an buɗe ƙofa. Amma kuma jifan nesa na Arians bai tafi ko'ina ba, yana nan, sai dai yanzu ana shirya masa hanya ne maimakon a yi ta yinsa da ƙarfin tsiya.

Suka ci Minnesota, suka je Atlanta ana cinsu 17 da nema suka dawo suka ci 31 da 27, suka je Detroit suka yi 47 da 7 inda Brady ya jefa tocdawun 4 kafin hutun rabin lokaci aka ce ya zauna ya huta, suka sake cin Atlanta. Nasara 11 faɗuwa 5. Shi kuma ya gama kaka da yadi 4,633, tocdawun 40, cafewa 12. Ka kwatanta da cafewa 30 ɗin Winston na 2019 a tsari ɗaya da koci ɗaya.

Wasan da ba zan manta ba shi ne na Green Bay a filin Lambeau, 24 ga Janairun 2021, wanda ya ci ya tafi Super Bowl. Sun riga sun fitar da Washington, sun fitar da New Orleans ɗin nan da ta ci su sau biyu. A nan hunturu ake yi sosai, ni da ƙanina muna lulluɓe da bargo ɗaya, wuta ta ɗauke tun magariba muna kan batir muna ta addu'a ya kai mu. Saura 'yan daƙiƙu a tafi hutun rabin lokaci, Tampa na kan dama ta huɗu a tsakiyar fili, har sun turo masu buga ƙwallo da ƙafa a mayar wa Green Bay ita can nesa sai Arians ya canja shawara ya mayar da Brady, suka ci damar. Saura daƙiƙa 8. Duk mai hankali zai ce a yi gajeren jifa a matsa kusa a buga ƙwallo da ƙafa tsakanin sanduna a samu maki 3. Sai Brady ya ɗaga ta sama gefen hagu, yadi 39, Scotty Miller ya wuce mai tsaronsa ya cafe a cikin gida saura daƙiƙa 1. Ƙanina ya yi tsalle har ya ture kofin shayi yana cewa Yaya biskit, Yaya biskit! Wannan jifan na Arians ne tsantsa, Brady na watan Satumba da na gani ba na jin zai sake ta da wannan natsuwar. Kuma don a yi adalci, a rabi na biyu an cafe masa sau 3 a jere duk a irin wannan jifan na kasada, masu tsaron gidansu ne suka rufa asiri aka tashi 31 da 26. Wato tsarin bai daina cizo ba, ya dai koyi zama da shi ne.

Sai Super Bowl, 7 ga Fabrairu, a filinsu na Raymond James, karo na farko da wata ƙungiya ta buga wasan ƙarshe a gidanta. A nan sha biyu da rabi na dare. Abun da ya burge ni shi ne ranar kusan ba su yi kasadar ba ma, Kansas City sun ja baya suna jiran jifan nesa, sai aka yi ta cinsu da gudu da yaudara da gajeren jifa, irin abincin Brady na asali. Jifa 29 ya yi 21 suka shiga, yadi 201 kawai, tocdawun 3, biyu ga tsohon abokinsa Rob Gronkowski ɗaya ga Antonio Brown, Leonard Fournette ya ƙara ɗaya da gudu. 31 da 9. Kofinsa na 7. Masu tsaron Tampa ƙarƙashin kocinsu Todd Bowles kuma suka hana kwatabak ɗin Kansas City, Patrick Mahomes, sakat duk daren, cikinsu har da Ndamukong Suh wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, don haka muna da ɗan maƙwabci a ciki.

Da na ga haka sai na koma baya ina neman irin wannan labarin a wasu, kuma a nan ma manhajar ta yi min amfani don akwai tsofaffin wasanni. Peyton Manning a Denver a 2015, sabon koci Gary Kubiak yana so ya riƙa tsayawa dab da mai miƙo ƙwallo yana juyawa da baya, shi kuwa ya saba tsayawa nesa yana kallon fili yana canja kira yadda ya ga dama, sai suka haɗu a wata tsayuwa ta tsaka-tsaki. Amma jikinsa ya riga ya gaji, tocdawun 9 cafewa 17, ga ciwon ƙafa, duk da haka masu tsaro suka ɗauke shi har suka ci kofi. Aaron Rodgers kuma da Matt LaFleur ya zo Green Bay a 2019, shekarar farko ana ta maganar ko za a bar shi ya riƙa canja kira a fili, ya yi tocdawun 26, shekara ta biyu da tsarin ya zauna masa ya yi 48 ya zama gwarzon gasa, ya sake zama a 2021. Na Rodgers ya ɗauki shekara guda cur kafin ya nuna, shi ya sa na Brady ke ba ni mamaki har yau, a cikin kaka ɗaya ba tare da atisayen bazara ba.

Yanzu maganar kuɗi da wahalhalu, don kada in yi ta yabo kamar ɗan talla. Tun kakar 2023 manhajar ta koma ƙarƙashin DAZN, wani kamfanin nuna wasanni ta intanet, ga mu da ke wajen Amurka, don haka ta can ake shiga a biya. Farashi yana canjawa daga shekara zuwa shekara kuma ya danganta da ƙasar da kake, sannan yakan sauko in kaka ta yi nisa, don haka wanda bai matsu ba zai iya jira. Shawarata kafin ka biya ka buɗe jerin abun da ke cikin kunshin ka tabbatar da faifan kociyoyi da tsofaffin wasannin da kake so suna ciki, don ni a wurina su ne rabin kuɗin. Wahalar da na fi sha ba daga wurinsu take ba, daga nan gida ne. Akwai shekarar da katin bankina ya ƙi wucewa saboda iyakar da aka sa wa kashe dala, na yi ta zirga-zirga har sai da wani ɗan'uwa da ke waje ya biya min na tura masa naira. Sai data, wasa kai tsaye awa 3 ne ko fiye, in ka bar hoton a kan mafi kyau zai cinye maka giga biyu zuwa uku ba ka ankara ba, ni dai nakan rage ƙarfin hoton in kuma yi amfani da datar dare. Kuma layin da nake amfani da shi ya sha yanke min a daidai inda ba a so, hoto ya tsaya yana juyawa ana dab da ci, in ya dawo an riga an yi murna an gama.

Sai lokaci, wanda ba laifin kowa ba ne, duniya ce haka. Wasannin farko na Lahadi suna farawa ƙarfe shida na yamma agogon Najeriya da Nijar, in an shiga Nuwamba Amurka ta canja agogo su koma bakwai, waɗannan ba matsala. Na biyu wajen tara da rabi ko goma da rabi. Amma manyan wasannin dare na Alhamis da Lahadi da Litinin sai ɗaya ko biyu na dare, mai aikin safe ba zai jure ba. Abun da nake yi yanzu shi ne in kashe sanarwar waya in guji Facebook, bayan sallar asuba in kalli taƙaitaccen na minti 40 kafin in fita, kamar ban san komai ba. Sharhin kuma da Turanci ne irin na Amurka mai sauri cike da kalmomin wasan, farkon shiga zai yi maka nauyi, sai ka yi haƙuri da makonni uku ko huɗu kafin kunne ya buɗe. Shi ya sa ma na fi son faifan shiru, ba ya buƙatar yare.

To wa ya kamata ya saya? In kai sakamako kawai kake so da 'yan guntayen bidiyo na ci, kada ka biya, YouTube ya ishe ka kyauta. In kuma kana cikin masu zama bayan wasan Firimiya suna musu a kan me ya sa koci ya sa mutum uku a baya, me ya sa ɗan wasan da ya yi fice a wata ƙungiya ya zo sabuwa ya kasa, to wannan naka ne, don babu wasan da hannun koci ke fitowa fili a kowane motsi kamar wannan. Ni na ba shi huɗu da rabi cikin biyar, rabin da na rage na rashin barcin da ya jawo min ne da datar da yake ci. In ka shiga, ka zaɓi ƙungiya ɗaya da ta kawo tsohon kwatabak ko ta canja koci a bana, kusan kowace shekara akwai, ka kalli faifan wasansu na makon farko ka ajiye, sannan ka dawo ka kalli na watan Disamba ka haɗa su. Ka sa ido a kan ƙafafunsa da kuma lokacin da ƙwallo ke barin hannunsa, kafin mai cafewa ya juyo ko bayan ya juyo. Ƙanina ya riga ya zaɓi tasa ƙungiyar ta bana, ya ce wannan karon shi zai biya rabi.